Yadi Ɗari Huɗu da Arba'in

Kakana Mantau mai wanki da guga ne.
Da asuba yakan ɗora ƙunshi a ka daga Gangare,
ya hau tudu, ya ratsa wani fili
da aka hana kowa ya kafa ko turken akuya,
sai ciyawa da duwatsu masu sanyi.
Yadi ɗari huɗu da arba'in, in ji shi,
an ja sarƙa an auna, an buga fegi.
Wai iyakar tafiyar sauro ke nan,
wai daga jinin 'ya'yanmu yake ɗebo zazzaɓi.
Kaka yakan yi dariya har gawayin dutsen guga ya zubo:
"Shi dai sauro bai iya karanta taswira ba."

Ya san wuyan kowace riga a unguwar Turawa.
Ya san mai gumi, ya san wanda matarsa ta koma gida
ta bar shi da maɓalli a tsinke.
Ƙofar gaba ce kawai bai sani ba.
Ta bayan kicin ake shiga,
kafin magariba a tattara a sauko.

Akwai wata makaranta mai jan rufi a can.
Babana yana ɗan shekara bakwai ya raka shi,
ya laɓe bayan shingen kyarana
yana jin 'ya'yan masu kuza suna rera lissafi.
Ya haddace, cikin harshen da bai sani ba,
ya taho da shi gida kamar tsintuwar kwabo.
Ruwan kyarana ya taɓa masa ido.
Kwana uku yana hawaye, yana maimaitawa.

Turawa suka tafi.
Suka bar mana itatuwan turare
da kududdufai masu koren ruwa, masu cin yara.
Filin nan ya cika da gidaje, muka ce an gama.
A aji uku benci ɗaya muka zauna da Kaneng.
Ita gwate take kawowa, ni soyayyen dankali.
Ranar da fensirinta ya ɓace muka karya nawa biyu,
ta ɗauki ɓangaren mai kilina,
na yi mata gaba har aka tashi tara.

Sai wata Juma'a cikin Satumba.
Ba zan ba da labarin ba, hayaƙi ya riga ni.
Babanta ya sayar da gidansu na Unguwar Rogo rabin kuɗi,
kawuna ya sayar da nasa na Jenta rabin kuɗi.
Akori-kura biyu suka yi kiciɓis a hanya,
katifu a sama, tukwane na ƙara,
direbobin suka ɗaga wa juna hannu
don tashar mota ɗaya suka taso.

Yau babu sarƙa, babu fegi,
babu Bature mai hular kwano.
Mai keke ne ke taka birki a bakin gada:
"Hajiya, nan ce iyakata."
Ban taɓa tambayarsa wa ya auna masa ba.
Nakan biya, in sauka.

Ɗiyata Rumasa'u su sittin da biyu ne a aji,
ana kiran suna kamar ana karanta dangi ɗaya.
Shekaranjiya ta tono hoton firamarenmu,
ta ɗora yatsa: "Umma, wace ce mai wushiryar nan?
Me ya kawo ta makarantarku?"

Lambar Kaneng na cikin wayata shekara shida.
Da Sallah ta turo gaisuwa, da Kirsimeti in rama,
kowa ya rufe da "sai na zo."
Daga saman beninmu ina hango tankin ruwan layinsu,
baƙi, ɗan karkatacce.

Daren jiya sauro ya hana ni barci.
Na ɗaga tafi zan kai masa,
sai hannuna ya tsaya:
wa ya sani ko daga ɗakinta ya fito.